Asalin Kalmomin Caca da Sa'a a Bakin Turawa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da direba a gaban mota ya san fitilun nan huɗu da a kan kunna gaba ɗaya su riƙa ƙiftawa, in mota ta lalace a tsakiyar hanya. Direbobinmu su kan ce da su hazad. Kalmar ta Ingilishi ce, hazard a ke rubuta ta, kuma ita ce mutum ya kan gani a jikin tankar mai da kwalbar guba, ma'anarta hatsari. To, mai karatu, shekara 700 da suka wuce in ka ambaci wannan kalma a birnin Landan ko Faris ba wanda zai tuna da hatsari. Sunan wata caca ce da a ke yi a gidajen giya, ana jefa 'yan ƙasusuwa masu fuska shida, irin waɗanda yaranmu ke kira 'ya'yan ludo. Yadda aka yi sunan wasa ya koma sunan abin tsoro, da inda Turawa suka samo sunan tun farko, shi ne abin da za mu bi sawunsa, tare da waɗansu 'yan'uwansa da za mu tarar a hanya.

Tun da wuri ya kamata a kau da wani zato. Wanda ya ji hazard, ya ji hatsari, ya ga ma'anarsu ɗaya, zai ce ai uwarsu ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne. Tamu daga khaɗar ta Larabci ta fito, ta Turawa kuwa hanyarta dabam. Amma akwai abin mamaki a nan, domin a cikin manyan ƙamusoshin Larabci ɗaya daga ma'anonin khaɗar shi ne abin da masu tsere ko masu pare suka aza tsakaninsu, wanda ya yi nasara ya kwashe. Ashe ita ma tamu ta taɓa zama a dandalin caca kafin ta iso Hausa.

Mutanen Ingila daga Faransa suka ari hazard, wajen 1300. Su kuma mutanen Faransa sun riga sun san ta tun ƙarni na 12. Wani mawaƙi na garin Aras, Jan Bodel, ya tsara wasan kwaikwayo wajen 1200, a ciki har da ɓarayi zaune a gidan giya suna wannan caca suna rigima. Daga nan baya ne malamai suka rabu.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na yaƙe-yaƙen da Turawa suka kai Sham domin Baitul Muƙaddas, waɗanda suka fara a 1096. Akwai wani babban limamin Kirista na birnin Sur, Wiliyam, wanda ya rubuta tarihin waɗannan yaƙe-yaƙe da Latin, ya rasu wajen 1186. A cikin tarihin ya ambaci wata ganuwa da Turawa ke kira Hasart, watau garin Azaz, arewa da Halab, inda aka gwabza a 1125. Bayan rasuwarsa wani ya juya littafin zuwa Faransanci, da ya iso wurin sai ya ƙara daga bakinsa, ya ce a nan ne aka ƙago wasan, ya ɗauki sunan wurin. Daga baya mutane suka yi wa labarin ado, wai mayaƙa ne zaman kewaye gari ya ishe su, suka nemi abin ɗebe kewa. Ni dai wannan bai kwanta mini ba. Wiliyam da kansa, wanda a ƙasar aka haife shi, bai faɗa ba, mai fassara ne ya ji sunaye biyu sun yi kama ya ɗaura musu aure. Irin wannan mun saba da shi, don kusan kowane tsohon gari namu yana da labarin wani maharbi da ya faɗi wata magana ta zama sunan garin.

Magana ta biyu ita ce mafi yawan masu ƙamus suka bi. Sun ce asalin kalmar Larabci ne, az-zahr, ta shiga bakin mutanen Sifen ta zama azar, daga can ta ƙetare duwatsu zuwa Faransa, aka sa mata harafi a gaba da wani a baya. Hanyar dai buɗe ta ke. Musulmi sun shiga Andalus a 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa bai faɗi ba sai 1492, kuma a cikin wannan dogon zama kalmomin Larabci dubbai suka shige harshen ƙasar. A Masar har yau zahr a ke ce wa ɗan ludo, Turkawa su ce zar, Girkawa su ce zari. Sai dai akwai gargada guda. A tsofaffin ƙamusoshin Larabci, irin su Lisanul Arabi da Ƙamus wanda malamanmu ke ji da shi, zahr fure ne, daga tushen da ya ba mu Zahra'u da Azhar. Ba su kawo ta da ma'anar abin caca ba. Abin da suka sani shi ne ka'ab, watau ƙashin idon sawu, da kuma nardu. Don a cike wannan giɓi waɗansu suka ce da can a kan zana fure a fuska ɗaya ta ƙashin, shi ya jawo sunan. Waɗansu kuma suka saki zahr ɗungum, suka kama yasara, tushen maisir, kalmar da Alkur'ani ya kira caca da ita inda ya hana ta.

In za a bi ta tawa, ta biyun ce ta fi ƙarfi, kuma shirun ƙamus bai dame ni ba. Su waɗannan malamai harshen Alkur'ani da hadisi da waƙoƙin Larabawan dauri suka tsaya tsarewa, ba su bi kasuwa da bayan gari suna tsintar maganar 'yan caca ba. Ko a nan, wane malami ne ya zauna ya rubuta sunayen da masu zuba wuri ke ba kowane zubi? Ga kuma wata shaida ƙarama: mutanen Sifen suna kiran furen lemo azahar, wanda ba mai musun daga zahr ya fito. Kalmar dai ta shiga bakinsu ta wata ƙofa, ba wuya ta shiga ta wata.

Abin da ya fi wannan gardama amfani shi ne yadda a ke yin wasan, kuma an yi sa'a an rubuta shi. Sarkin Kastila, Alfonso na Goma, mutum ne mai son ilmi, ya tara malamai Kirista da Yahudu da Musulmi suna juya masa littattafai. Ya sa aka tsara littafin wasanni, aka gama shi a Ishbiliya a 1283, da zane-zane masu launi. A ciki an bayyana azar. Da ƙasusuwa uku a ke yi. In mai jifa ya sami 3, 4, 5 ko 6, ko kuwa 15, 16, 17 ko 18, waɗannan su ne azar. In sun zo masa a jifar fari ya ci. In kuwa ya wuce ta fari sa'an nan ɗayansu ya faɗo, an cinye shi. Mai son lissafi ya duba: ƙasusuwa uku suna iya kwanciya ta hanya 216, a ciki 40 kaɗai ke ba da azar, watau bai kai ɗaya cikin biyar ba. Lamba ce mai wuyar zuwa, kuma ita ce ta kan yi maka rana yanzu ta yi maka dare an jima. Ina ganin daga nan ne kalmar ta rabu biyu. A Sifen da Faransa ta zama sunan duk abin da ya auku ba da shirin kowa ba, mai daɗi ko marar daɗi. A Fotugal ta zama rashin sa'a tsantsa. A Rasha azart shi ne zafin nan da ke kama mai caca har ya kasa tashi. A Italiya wasan ya zama zara, har babban mawaƙinsu Dante, wanda ya rasu a 1321, ya buga misali da wanda aka cinye, an watse an bar shi yana maimaita jifa shi kaɗai.

Ingila ce ta kai ta ga hatsari sosai, a ƙarni na 16, amma wasan bai mutu ba. Da ƙasusuwa biyu suka riƙa yi, kuma ya cinye gidajen manya da yawa. Wani mai sayar da kifi, Wiliyam Kurokfod, ya buɗe gidan caca a unguwar masu sarauta ta Landan a 1828, kafin ya rasu a 1844 ya shiga sahun manyan attajiran ƙasar, da dukiyar 'ya'yan sarakuna. Jifa mafi muni a wasan, 2 ko 3, suna kiranta crabs, watau ƙaguwa. Da wasan ya ƙetare teku zuwa Amurka aka sauƙaƙa dokokinsa, wannan suna ya ɗan karkace ya zama craps, da shi a ke kiransa a can har yanzu.

Kalmar da ta fi kowace yawo a bakinsu ita ce chance, wadda ta haɗa sa'a da dama da katari. Asalinta ba gardama. Daga fi'ilin Latin cadere ta fito, ma'anarsa faɗuwa. A tsohon Faransanci cheance shi ne yadda ƙasusuwa suka faɗi a kan tebur. Wannan tushe ya haifi 'ya'ya da yawa a Ingilishi: accident, abin da ya faɗo wa mutum, da occasion, da case, wadda 'yan kotu suka sa ta zama kes a bakinmu. Jamusawa kuwa nasu suka ƙera, amma da ƙarfe iri ɗaya, suka ce Zufall, abin da ya faɗo gare ka. Wanda ya yi karatun allo zai tuna waƙa'a a Larabci faɗuwa ce kuma aukuwa ce. Mu ma mu kan ce yaro ya auka rijiya, mu ce abu ya auku.  Ga alama 'yan Adam ko'ina sun ga abin da ba su shirya ba kamar daga sama ya ke zuwa.

Rumawa kuwa, waɗanda Latin harshensu ne, 'yan caca ne na gaske. Suna da ƙashi iri biyu. Akwai tessera mai fuska shida, akwai talus, ainihin ƙashin idon sawun tunkiya ko akuya, wanda ke iya kwanciya ta gefe huɗu kawai, ana ƙirga su 1, 3, 4 da 6. Huɗu a kan jefa. In kowane ya nuna fuska dabam, ita ce jifa mafi kyau, sun ba ta sunan gunkiyarsu ta ƙauna, Binus. In duka suka nuna ɗaya, sai su ce kare. Dokarsu ta hana caca da kuɗi sai a bikin Saturnaliya na watan Disamba, amma masu dokar su ne kan gaba wajen karya ta. Sarki Agustas ya rubuta wa iyalinsa wasiƙu yana ba da labarin abin da ya ci da abin da aka ci shi, Sarki Kalaudiyas kuwa har littafi ya wallafa a kan wasan, ya sa aka kafa masa allo a cikin keken doki yadda girgiza ba za ta ɓata jifa ba. Sunan wasan gaba ɗaya alea. Da shi Yuliyas Kaisar ya buga misali a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, ran da ya ƙetare rafin Rubikon da rundunarsa ya nufi Rum, abin da doka ta hana kowane sarkin yaƙi. Nufinsa an riga an zuba, sai abin da ya fito. Faransawa har yanzu suna kiran abin da ba shi da tabbas aléa. Wani ɗan ƙaramin kuɗin tagulla na Rumawa kuma, as, shi ya ba da ace, wadda da can ita ce ɗigo ɗaya, mafi ƙasƙancin jifa, yau kuwa a wasannin karta da yawa ta hau kan sarki.

Ba kowace jifa ce caca ba. Tun kafin a yi ta don kuɗi an yi ta don rabo da yanke hukunci, abin da mu ke kira ƙuri'a, kalmar da mu ma daga Larabci muka samo. Wani marubucin Rum, Tasitus, ya bayyana kabilun Jamus a shekara ta 98. Ya ce su kan sari reshen itace mai 'ya'ya, su yanyanka shi, su yi wa kowane guntu alama, su watsa a kan farin ƙyalle, sa'an nan babba ya ɗaga kai sama ya tsinci uku ya fassara. Ya kuma ce in sun zauna caca, ba tare da sun sha kome ba, mutum ya kan zuba duk abin da ya mallaka, in ya ƙare ya zuba kansa, in an ci shi ya miƙa wuya a ɗaure shi a sayar. Irin wannan guntu a tsohon Ingilishi hlot a ke ce masa. Ya zama lot, watau ƙuri'a, sa'an nan kason da ƙuri'a ta ba mutum, sa'an nan filin da aka yanka masa, daga ƙarshe har tarin kowane abu mai yawa. Mutanen Holan da Beljiyam suka fara sayar da tikiti a ƙarni na 15 don gyaran ganuwa da taimakon matalauta, daga can lottery ta bazu. Sarauniya Alsabatu ta Farko ta gwada a Ingila don gyaran tashoshin jiragen ruwa, tikiti sule 10, babban rabo fam 5,000, aka ja a 1569, amma mutane ba su saya kamar yadda aka zata ba. Ta birnin Jenowa ta fi ban dariya. A can a kan zaɓi 'yan majalisa biyar ta hanyar zaro sunaye daga cikin tukunya, jama'a kuwa suka shiga pare a kan wanda zai fito. Da aka ga abin na kawo kuɗi sai aka cire sunayen aka sa lambobi. Biyar cikin 90 ɗin nan da a ke ja a Italiya, da irinta da a ke ja a Gana, daga zaɓen 'yan majalisar nan ta samo asali.

A Latin ƙuri'a sors ce. Ita ta ba mutanen Sifen suerte, sa'a, ta ba Ingilishi sorcerer, mai sihiri, domin asalinsa mai duba ne da ke zuba ƙuri'a ya faɗa wa mutum rabonsa.

Ta Girkawa ce ta fi taɓa ni, don ta shafi abin da na ke ci da shi. Mutanen Atina ba su yarda a bar zaɓen yawancin ma'aikata ga baki da kuɗi ba, da ƙuri'a su ke naɗa majalisarsu ta mutum 500 da masu zaman shari'a, har da wani dutse mai ramuka suka sassaƙa don wannan aiki. Ƙuri'ar sunanta kleros, haka kuma gonar da mutum ya samu a rabo ko gado. Da addinin Kirista ya zo, aka kira malaman coci da wannan suna, a kan cewa su Ubangiji ne rabonsu. Ya shiga Latin ya zama clericus. To, a Turai an yi ƙarnuka ba mai iya rubutu sai malaman coci, sabo da haka duk sarkin da ke son a rubuta masa wasiƙa ko a riƙe masa lissafi su ya ke nema. A hankali kalmar ta zama clerk, watau akawu. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don haka aka yi da kalmar malam zamanin En'e, aka sami malamin haraji da malamin daji da malamin asibiti, alhali ko Ahalari waninsu bai iya biya wa almajiri ba.

Sauran na sa'a ba su da dogon labari. Luck daga Holan ta shiga Ingila a ƙarni na 15, 'yar'uwar Glück ce ta Jamus. Hap ta mutanen arewacin Turai ce, ita ta haifi happen da happy, watau a wurinsu mai farin ciki shi ne wanda ya dace. Faransawa suna da bonheur da malheur, jin daɗi da baƙin ciki. Jama'a sun daɗe suna zaton daga heure suka fito, watau awa, kamar yadda sa'a a wurinmu ta haɗa lokaci da dace, amma asalinsu augurium ne, duban da bokayen Rum ke yi da tashin tsuntsaye. Shi kansa ludo Latin ne, ma'anarsa ina wasa. A Ingila aka yi masa rajista, an kwaikwayo shi daga wasan Indiya mai suna pacisi, wanda da wuri a ke jefa shi, kamar cacar kakanninmu.

Karta ta zo a makare. Ba a ji ɗuriyarta a Turai ba sai wajen 1370, kuma kusan farkon ambatonta a takardun hukuma na hani ne, kamar wanda birnin Fulorans ya yi a 1377. Daga Masar ta zamanin Mamaluka ta fito, akwai ma wata tsohuwar kartarsu ajiye a gidan tarihi na Tofkafi a Istambul. A cikinta manyan su ne malik, da na'ib, da na'ibi na biyu. Mutanen Italiya suka ji suka kira wasan naibi, na Sifen kuwa har gobe naipe su ke ce wa karta. Kalmar nan ce dai da mu ke kiran na'ibin liman da ita.

Saura guda, wadda ba a gidan giya aka haife ta ba, a bakin teku ne. Ita ce risk, kasada, wadda bankuna da kamfanonin inshora ke kwana su tashi da ita. Ta fara bayyana a tsakiyar ƙarni na 12, a takardun yarjejeniya na fataken Jenowa da Fisa, an rubuta ta resicum. Waɗansu malamai sun kai ta ga wani fi'ilin Latin mai nufin yanka, wai dutsen cikin ruwa ne mai yanka cikin jirgi. Waɗansu sun ce rizƙ ce ta Larabci, wadda ta ba mu arziki. Na fi karkata ga wannan, don waɗannan fatake a tashoshin Iskandariya da Tunis da Bijaya su ke cin kasuwa, kuma a farkon amfani da kalmar ba asara kaɗai ta ke nufi ba, ta haɗa duk abin da tafiya za ta haifar, riba ko faɗuwa. Mai dukiya ya kan zauna gida ya ba falke jari, a rubuta cewa kayan za su tafi bisa resicum na Allah da teku da mutane, in an dawo lafiya mai jari ya ɗauki kashi uku cikin huɗu na ribar, falke ya ɗauki ɗaya, in jirgi ya nutse kuwa asarar jarin ta mai dukiya ce. Wajen tsakiyar ƙarni na 14 sai aka sami waɗansu attajirai a waɗannan birane da suka yarda a biya su wani abu tun jirgi bai tashi ba, su kuma su ɗauki resicum ɗin a wuyansu, in kaya sun salwanta su biya. Takardun inshora mafi tsufa da aka samu a Jenowa na wannan zamani ne.